Wane Suna Za Mu Ba Taron Al'adun Abuja?

A 2005, zamanin mulkin Olusegun Obasanjo, gwamnatin tarayya ta fara gayyato jihohi zuwa Abuja su nuna al'adunsu, ta raɗa wa taron suna Abuja Carnival. Sunan aro ne. Asalinsa shagalin ci da sha ne da mabiya ɗarikar Katolika a Turai suke yi kafin azuminsu na kwana 40. Daga can ya ƙetara zuwa Birazil, Kalaba kuma ta ɗauke shi a 2004. Na Abuja babu azumin da ke biye da shi.

To, da Hausa me za a kira shi? Kalankuwa ba ta zauna ba, domin ita sai an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata na da kuɗin kashewa. Hawan daba ɓangare ne kawai na taron, ita ma dabar baƙuwa ce: kalmar Farisa ce ta fadar sarki, Turawan Ingila suka zo da ita daga Indiya. Baje koli ya fi kusa da abin da gwamnati ke nema, wato ciniki: otal-otal su cika, direbobin tasi da masu tsire su samu.

Galibi dai "bikin al'adu" ake cewa. Sai dai a wurin Bahaushe biki da mai shi. Akwai uwar biki, akwai masu karɓar baƙi, akwai gudummawar da ake kawowa, wadda za a rama wata rana. A Dandalin Eagle da tafkin Jabi, 'yan rawa da masu tseren kwalekwale baƙi ne, mai gayyar kuma ma'aikatar gwamnati ce. Shi ya sa duk shekarar da kuɗi bai fito ba, taron kan yi sanyi ko a ɗage shi, alhali hawan sallar Kano ko Katsina ba ya jiran kasafin tarayya.

Abuja kuwa tana da masu gida. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna nan tun kafin dokar 1976 da ta kafa birnin. Daga Kwali aka sami Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da ke jikin naira 20, matan Ushafa kuma har yau suna ginin tukwane. In aka ba irin waɗannan masu gida rumfunan gaba da kujera a kwamitin shirye-shirye, kuɗin baƙi zai kwana a Ushafa da Kwali, taron kuma ya cancanci a kira shi biki.