Gubar da Wuta Ba Ta Kashewa: Daga Kawar Teku Zuwa Koren Tafki

A wannan makon na ɗan jingine labarin da muke yi domin in kawo muku wani tarihi da na ga ya kamata mu sani, musamman mu mutanen Fagam da Gwaram da Birnin Kudu, da duk inda ake shayar da dabbobi a tafki ko ake kiwon kifi a bayan gida. Tarihin wata guba ce da ke fitowa daga cikin ruwa, ba ta da wari, ba ta da ɗaci, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da ko teku ba mu taɓa gani ba? To a yi haƙuri a biyo ni, daga teku labarin zai faro amma a kududdufin bayan gari zai sauka.

Da farko dai, kawa wata halittar ruwa ce mai ɓawo biyu, kamar an kifa cokali a kan cokali, naman yana ciki. Mutanen bakin teku suna cin ta sosai, har kiwonta suke yi, su rataya igiyoyi a cikin ruwa ta manne a jiki ta girma. Ita kawa ba ta farauta, ruwa take zuƙa ta tace, ta riƙe wasu 'yan mitsi-mitsin tsirrai dangin gansakuka waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin dubban irin waɗannan tsirrai akwai 'yan kaɗan masu guba. Idan yanayi ya yi musu daɗi sai su hayayyafa, wani lokaci har ruwan ya rine ya yi ja. Kawa ta yi ta ci, gubar ta yi ta taruwa a cikinta, ita lafiyarta ƙalau, wanda ya ci ta shi ne a ciki.

A watan Yunin 1793 wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila mai suna George Vancouver yana auna gaɓar yammacin Kanada. Wasu daga cikin yaransa suka sauka a wani lungu suka tsinci kawa suka gasa suka karya kumallo. Ba a jima ba sai leɓɓansu da 'yan yatsunsu suka fara dindiris, jiri ya kama su, hannu ya kasa riƙe filafili. Ɗaya daga cikinsu, John Carter, cikin 'yan sa'o'i ya ce ga garinku nan. Har yau sunan wurin Poison Cove, wato Lungun Guba. Shekara shida bayan haka, a 1799, abin da ya fi wannan muni ya auku a Alaska, inda mafarauta 'yan ƙasar da ke yi wa Rashawa aiki suka yada zango suka ci kawa, fiye da mutum 100 suka mutu. A wancan zamani babu wanda ya san dalili, iyaka dai mutanen gaɓar sun san akwai lokutan da ba a taɓa kawa.

Sai a 1927 aka fara gano bakin zaren. A watan Yulin shekarar mutum 102 suka kwanta a kewayen San Faransisko ta Amurka bayan sun ci kawa, 6 suka mutu. Wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya, Hermann Sommer da Karl Meyer, suka duƙufa a kan lamarin. Suka riƙa ɗibar ruwan teku suna ƙirga tsirran da ke ciki, suna kuma gwada kawar wurin, sai suka lura duk lokacin da wani irin tsiro ya yi yawa, lokacin ne kawa ke zama ajali. A 1937 suka bayyana sakamakon bincikensu, tare da wata dabarar gwaji mai sauƙi: a tatsi ruwan naman kawa a yi wa ɓera allura, a duba agogo. Gwargwadon saurin mutuwar ɓeran, gwargwadon ƙarfin gubar. Daga baya aka sa wa gubar suna saksitoksin. Aikinta shi ne toshe hanyar da jijiya ke aika saƙo, har ƙirji ya kasa ɗagawa numfashi ya tsaya. Har yau ba ta da makari, sai dai a sa wa mutum na'urar numfashi, in ya yi kwana guda da rai galibi yakan tashi.

To a nan ne darasin yake, ya kai mai karatu. Tunda babu magani, sai hukuma ta koma kan rigakafi. Kalifoniya ta hana tsintar kawa don ci daga watan Mayu zuwa ƙarshen Oktoba a kowace shekara, masu kiwo kuwa sai an gwada kayansu kafin su kai kasuwa. Aka yanka ƙa'ida cewa idan gubar ta kai maikurogiram 80 a cikin giram 100 na nama, an rufe wurin ke nan har sai ta sauka. Maikurogiram kuwa shi ne a raba giram ɗaya gida miliyan a ɗauki ɗaya, ka ji ƙanƙantar abin da ke kai mutum kushewa.

Shekarar 1987 ta nuna bambancin mai tsaro da maras tsaro. A garin Champerico na ƙasar Gwatemala, inda ba a gwajin komai, mutum 187 suka kamu, 26 suka mutu, kuma abin ya fi yi wa ƙananan yara illa. A ƙarshen shekarar kuma sai ga wata sabuwa a Kanada, daga kawar kiwo ta tsibirin Prince Edward. Fiye da mutum 100 suka kwanta, 3 suka rasu, amma abin da ya fi tayar da hankali shi ne wasu da suka tashi sun rasa tunaninsu na kusa. Mutum zai tuna ƙuruciyarsa sarai, amma abin da aka faɗa masa yanzun nan ya ɓace. Ni da sana'ata ita ce ƙirƙirar labari, na sha sa jarumi ya manta kansa saboda haɗarin mota, ga shi nan kuwa a zahiri daga kwanon abinci. Da aka yi wa ɓeraye allura sai aka ga suna ta sosa kafaɗa da ƙafar baya, alamar da ba a saba gani ba. Hukuma ta dakatar da sayar da kawa, masana a birnin Halifax suka hana idonsu barci, cikin kwana huɗu zuwa biyar suka gano gubar, sunanta domoyik. Abin mamaki, Japanawa sun daɗe da saninta a jikin wata ciyawar teku da suke ba yara don tsutsar ciki. Aka sa mata tata ƙa'idar, miligiram 20 a kowane kilo, kuma tun daga lokacin Kanada ba ta sake ganin annoba irin wannan ba. Yanzu ƙasashen Turai sun fi dogara da na'urorin auna sinadari maimakon ɓera.

Mu dawo ruwan daɗi, irin namu. Shi ma yana da nasa tsirran masu guba, su ne ke yin kauri a saman tafki kamar an zuba koren fenti. Tun a 1878 wani masani mai suna George Francis ya rubuta yadda tumaki da dawaki da karnuka suka mutu bayan sun sha ruwan tafkin Alexandrina a Ostireliya. A 1996 a garin Caruaru na Birazil, aka yi wa masu ciwon ƙoda wankin ƙoda da ruwan da aka ɗebo a tanka daga wata madatsa ba tare da an tace shi yadda ya kamata ba, fiye da mutum 50 suka mutu saboda hantarsu ta lalace. Sunan wannan gubar maikurosistin, kuma a 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce maikurogiram 1 a litar ruwan sha. A 2020 ma giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, gwamnatin ƙasar ta ɗora laifin a kan irin wannan koren ruwa.

Abu uku waɗannan tsirrai ke so: zafi, da ruwan da ba ya gudu, da taki. Duk wanda ya san ƙasarmu da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ya san ukun nan sun haɗu. Tafki ya janye ya yi kore shar, shanu suna sha suna kashi a ciki, takin zamani da damina ta wanko daga gonaki yana kwance a ƙasa, yara suna wanka, mata suna wanki. Ga kuma kiwon tarwaɗa da ya yaɗu a garuruwanmu, ragowar abincin kifi da kashinsa kuwa taki ne mai ƙarfi. Ba kowane koren ruwa ne mai guba ba, kainuwa ma daban take, sai dai matsalar ita ce ido ba ya rarrabewa, sai gwaji. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta karya wannan guba. A jikin kifi kuwa ta fi taruwa a hanta da kayan ciki.

Saboda haka abin da ke hannunmu a bayyane yake. Ruwan da ya yi kumfa kore ko yake wari, a janye dabbobi da yara daga gare shi. Kifin da aka tarar ya mutu da kansa yana yawo a saman ruwa, kada a kwasa a ƙyafe a kai kasuwa. Wanda aka kama da rai a cire kayan cikinsa tas a wanke da ruwa mai kyau. Mai kiwo ya riƙa sauya ruwa, ya daina zuba abinci fiye da kima. Idan dabbobi suka faɗi bayan sun sha wani tafki, a sanar da malamin dabbobi da mai unguwa tun kafin wani garken ya iso.

Rufe ruwa kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu ba a su a Matan Fada sai lokacin da aka buɗe, kuma sai Sarkin Ruwa ya duba ya ba da izini. Abin da Turawa suka ƙara a kai shi ne kwalba da awo da rubutawa a littafi. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse, muna da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, muna da sarakunan ruwa da suka san kowane tafki da sunansa. Da za a haɗa hannu a riƙa ɗibar ruwan manyan tafkunanmu ana aunawa duk bazara, da mun samu a arha ilimin da wasu suka saya da rayukan mutanensu. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya kare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu, amin. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya. Na bar ku lafiya.