Alkama, Kirfa da Cuku: Tarihin Wani Burodi

Mai karatu, ran da ka taso daga Kalfu ka shiga kasuwar Tawa, tsaya wurin masu kayan yaji, ka ce a ba ka kirfa. Za a miƙo maka ɓawon itace ja, a naɗe kamar ƴar tabarma. Shinshina ka ji.

A Turai da Amurka mata suna yin wani burodi mai zaƙi da ita a gida. Suna kwaɓa garin alkama da madara da yis. In ya kumbura su murza shi ya yi faɗi, su shafa man shanu, su barbaɗa sukari da garin kirfa. Sai su naɗe, su yanka gunduwa-gunduwa, su gasa. Da ya fito, a shafa masa cuku mai laushi da aka dama da sukari.

Burodin nan ba tsoho ba ne. A ƙasar Suwidin ya bazu wajen 1920, bayan yaƙin duniya na farko. Tun 1999 ma suka ware masa rana, 4 ga Oktoba. Cukun mai laushi kuwa, wani Ba'amurke mai suna William Lawrence ya soma yin shi da yawa don sayarwa a 1872. Amma kayan haɗin sun girme burodin nesa ba kusa ba.

Asalin kirfa mai kyau tsibirin Siri Lanka ne, kudu da Indiya. Fataken Larabawa sun daɗe suna fataucinta, suna ɓoye inda take fitowa. Sunan ma daga bakinsu muka same shi. Turawan Fotugal suka isa tsibirin wajen 1505. Mutanen Holan suka kore su a 1658, Ingilishi kuma suka karɓe a 1796. Dubi jinin da aka zubar, alhali ɓawon itace na cikin abin da ake wa faɗa!

To, mu dawo gida, ga alkama. Ita ma sunanta Larabci ne. A 1353 wani matafiyi mutumin Maroko, Ibn Battuta, ya sauka a Takadda, wani tsohon gari da masana ke cewa yana kusa da Ingal, arewa da mu. Ya tarar alkama kaɗan ce, fatake da baƙi ke cinta. Da miskali guda na zinariya ana auna maka mudu 20 na alkama. Hatsi kuwa mudu 90. Yi lissafi da kanka: tsadarta ta ninka ta hatsi fiye da sau huɗu.

Me ya sa? Kai manomi ne, ka sani. Alkama ba ta son zafin damina. Sai ɗari ya shigo ake shuka ta, kuma sai da ban ruwa. Shi ya sa ake ganinta a garake na Abzin, da filayen noman rani na Ƙonni masu shan ruwan madatsun Maggiya. Abin da muke nomawa bai kai ko kusa da bukata ba. Yawancin fulawar da ake burodi da fanke da ita daga ƙetare take zuwa, a jirgin ruwa, sannan a manyan motoci. Da aka rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗinta ya hau. Da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukren a 2022, ya sake hawa. Yaƙi can, kuka ga mai tuya nan.

Iyayenmu mata sun san darajarta, don haka suka aje ta sai ranar buki. Kai ma ka ci alkaki cikin garar amarya. Ana ɓarza alkama, a kwaɓa, a bari ta kwana ta yi tsami. A murɗa, a soya, a tsoma cikin zuma ko ruwan sukari. A ganina bai fi na Turawa wuyar yi ba, kuma ya fi shi jimrewa: sai ya yi makonni cikin kwalla bai lalace ba.

Cuku ma muna da namu. Matan Buzaye da na Fulani a wajen Abalak da Cintabaraden suna sa tsami daga cikin ɗan akuya ko maraƙi a ɗanyar madara, ta daskare. Su shimfiɗa a kan ƴar tabarmar kara, su shanya. Namu busasshe ne, na tafiya da shayi da hura, ba ya shafuwa. In uwargida na son gwada burodin kirfa ran salla, ta zuba kindirmo cikin ƙyalle mai tsabta, ta rataye shi ya tsane a wuri mai sanyi. Abin da ya rage cikin ƙyallen ta dama shi da sukari, ta shafa tun burodin yana da ɗumi.