Makullin da ke cikin kai

A da, idan ’yan doka suka zo binciken gida a Zandam ko Gwaram, makullin adaka ƙarfe ne da ke aljihun mai shi. In ya hana, a ɓalle kwaɗon. Wayar salula ta rushe wannan lissafi, domin makullinta lambobi ne da ke cikin kan mai ita, kuma abin da ta ƙunsa a rikiɗe yake, ba ya karantuwa sai da su.

Birtaniya ta tunkari matsalar da dokar RIPA ta shekarar 2000, ko da yake sashen da ya shafi makulli bai fara aiki ba sai Oktoban 2007. Wanda aka ba takardar umarni ya ƙi buɗewa yana iya shan ɗaurin shekara 2, ko 5 idan batun tsaron ƙasa ne. A 2008 wasu mutum biyu da ake tuhuma da ta’addanci suka ce wannan tilasta musu ba da shaida a kan kansu ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a’a, lambar sirri tamkar makullin durowa ce. Wannan kwatanci bai gamsar da ni ba. Makullin durowa ana zare shi daga aljihun mai barci, wannan kuwa sai mutum ya buɗe baki ko ya sa yatsa.

Nijeriya ta biyo wata hanya. Sashe na 45 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya yarje wa jami’ai, bayan sun samo waranti daga alƙali, su yi amfani da fasaha wajen warware abin da aka rikiɗa. Ƙa’idojin hukumar NCC na 2019 kuma suka wajabta wa kamfanonin sadarwa miƙa makullin da ke hannunsu. Shi kuwa wanda aka kama, sashe na 35(2) na tsarin mulkin 1999 ya ba shi ikon yin shiru har sai ya gana da lauyansa.

Sai dai galibin wayoyinmu a shingen hanya ake buɗe su, inda babu alƙali balle waranti. Yawan haka ne ya sa Sufeto-Janar Mohammed Adamu ya haramta binciken waya barkatai ranar 4 ga Oktoban 2020, kwanaki kaɗan kafin zanga-zangar EndSARS ta mamaye titunan Legas da Abuja. Ko direban da aka tare yau tsakanin Birnin Kudu da Gwaram ya taɓa jin labarin wannan umarni?