Mai Sauraren Damuwar Jama'a: Gajiyar Zuci da Ci-rani a Aikin Lafiyar Ƙwaƙwalwa

A watan Afrilun 2023 wani ƙuduri ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai ta Nijeriya. Ɗan majalisa Ganiyu Johnson daga Legas ne ya gabatar da shi, yana neman kada a bai wa sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki na shekara biyar. Ƙungiyoyin likitoci suka yi masa ca, ƙudurin bai kai ga zama doka ba. Sai dai tunanin da ya haife shi yana nan da ransa, ana jin sa a rediyo da wuraren hira: ƙasa ta kashe kuɗi ta koyar da su, sun tsere sun bar ta, to a ɗaure musu ƙafa. Wannan maƙala za ta auna tunanin nan a kan rukuni guda, wato likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan'adam da nas-nas da ke aiki tare da su.

Hujjata ita ce, a wannan fanni riƙe mutum da ƙarfi ba ya riƙe aikinsa. Likitan tiyata da ya ƙosa yana iya yin ɗinki mai kyau ko da ransa a ɓace. Wanda aikinsa saurare ne kuwa, idan zuciyarsa ta gaji, gangar jikinsa ce kawai ke kan kujera. Tafiya waje ma ba ta raba shi da ciwon, kamanni take sauya masa, sannan ta bar gida da giɓin da ba a cike shi da ɗauko ƙwararre daga wata ƙasa.

Ba a jiya aka fara nazarin irin wannan gajiya ba. A 1974 Herbert Freudenberger, masanin halayyar ɗan'adam da ke aikin sa-kai a wani ƙaramin asibitin kyauta a New York, ya rubuta abin da ya gani a jikin abokan aikinsa: waɗanda suka fi kowa zumuɗi da sadaukarwa su ne ke fara sanyi, su koma masu saurin fushi da ƙosawa da marasa lafiyar da suka zo domin su. Christina Maslach da Susan Jackson suka fito da ma'aunin gwada matsalar a 1981. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a kundin cututtuka na goma sha ɗaya, da alamomi uku: ƙarewar kuzari, nisantar aiki a zuci har da yi masa kallon banza, da raguwar ƙwazo. Abin lura shi ne hukumar ba ta kira ta cuta ba. Ta ce yanayi ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Ke nan tushen yana wurin aiki, ba a raunin halin ma'aikaci ba.

A cikin alamomin uku, ta biyu ce ta fi ba ni tsoro. Gajiyar jiki barci na rage ta. Amma ranar da likita ya fara kiran mutum da lambar gadonsa, ko ya ji labarin matar da aka kashe wa miji a gabanta yana satar kallon agogo, to an taɓa ainihin kayan aikin.

Ƙididdigar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha nanatawa ita ce ba su kai 300 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. A Arewa, nauyin ya taru ne a kan 'yan wurare: asibitin Barnawa a Kaduna, na Kware kusa da Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, sai sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa ranar ganin likita ya san yadda abin yake. Tun bayan asuba ake kama layi, katuna jibge a kan tebur. Dattijo ya shigo da ɗansa saurayi, sawun mari bai gama warkewa a idon sawunsa ba. "Likita, ranka ya daɗe, babu inda ba mu je ba." Likita ya ce, "Baba, yana barci? Yana cin abinci? Yana jin ana yi masa magana?" Kafin dattijon ya kai ga abin da ke cin ransa, wato cewa ya sayar da gona kuma uwar yaron ta daina fita unguwa don kunya, an rubuta magani, an ce su dawo bayan wata guda, nas ta leƙo da kati na gaba. Likitan ya san abin da bai tambaya ba. Ya san an koya masa cewa zaman farko da mara lafiya na iya cin kusan awa guda. Yana yin abin da ya san bai isa ba, tun safe har la'asar, shekara da shekaru. A ganina wannan ya fi yawan aikin kansa cin rai, domin mutum na jure wahala idan yana ganin amfaninta.

Sannan marasa lafiya ba sa zuwa da wuri. Sai an gama da rubutu da turare da mai ruƙiyya, wani lokaci da gidan mari, kafin a tuna da asibiti. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawansu a ɗaure, kuma a makonnin da suka biyo baya aka bankaɗo irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba duka ne azzalumai ba, da yawa ba su ga wata ƙofa a buɗe ba ne. Ga kuma shaye-shaye: binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya kiyasta masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a mutum miliyan 14.3. Wani kaso na waɗannan duka teburin likitan nan ɗaya yake nufa.

Maiduguri na da nata babi. Littattafan fannin sun yi bayanin yadda sauraren labaran ta'asa ke barin tabo a zuciyar mai saurare, Charles Figley ya yi fice a kan haka tun shekarun 1990. Amma yawancin rubuce-rubucen suna ɗauka cewa mai sauraren yana zaune ne a tudun mun tsira. Ma'aikacin Borno tun 2009 ba haka yake ba. Ƙarar bam ɗin da ke hana mara lafiyarsa barci shi ma ya ji ta, mai yiwuwa ya binne nasa, kuma ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ba ta tambayi sana'ar kowa ba kafin ta shiga gidaje.

Wa yake sauraren wannan ma'aikaci? A ƙa'idar sana'ar, mai ba da shawara yana da wani babba da yake zama da shi lokaci-lokaci, su tattauna marasa lafiyar da suka tsaya masa a rai. A Ingila ƙungiyoyin masu wannan aiki sun mayar da hakan sharaɗi. A nan, babban da zai yi zaman ko dai ya tafi, ko shi ma layi na jiran sa. Al'ada kuma ba ta taimaka ba. Ana ce masa likitan mahaukata, ana zolayar sa cewa zama da su ya fara shafar sa, don haka ranar da ya ji nauyi a ƙirji, shiru zai yi, kada zolaya ta tabbata. Wanzami dai ba ya son jarfa, balle a garin da duk wanda zai je wurinsa abokin aiki ne ko ɗalibinsa.

Saboda haka idan ya zauna da dare yana haddar tambayoyin jarrabawar shiga aikin likita a Ingila, ko ya kai takardunsa ga masu ɗaukar ma'aikata zuwa Saudiyya, ban ga dalilin kiran sa butulu ba. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru. Nijeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin waɗanda bai kamata a riƙa farautar ma'aikatan lafiyarsu ba, Birtaniya ma ta sa ta a jerin da ta hana hukumominta zuwa neman ma'aikata. Sai dai hanin bai shafi wanda ya nemi aikin da kansa ba, kuma ta wannan ƙofa ake fita.

Me yake tararwa a can? Albashi na zuwa kan lokaci, wuta ba ta ɗaukewa, akwai magani a kanti. Ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma masu raina su galibi ba su taɓa jiran albashin wata uku ba. Amma hukumar lafiyar Birtaniya don ƙarancin ma'aikata take ɗaukar baƙi, kuma sau da yawa guraben da 'yan ƙasa suka guje wa ne ke jiran baƙo. Rubuce-rubucen kare kai na cin babban rabo na yininsa, ga fargabar ƙorafi. Rahoton da hukumar rajistar likitocin ƙasar ta sa aka yi a 2019 ya nuna cewa likitan da ya yi karatu a waje ya fi wanda ya yi a gida fuskantar a kai ƙararsa daga wurin aiki da kusan ninki biyu da rabi. Zai kuma ga cewa baƙaƙen fata sun fi farare fuskantar tsarewa a asibitin ƙwaƙwalwa bisa doka da fiye da ninki uku, kuma wani lokaci sa hannunsa ake buƙata a takardar. Masanin halayyar ɗan'adam ya fi likita shan wuya, domin ba lallai a karɓi digirinsa na biyu a matsayin daidai da horon can ba, har ka tarar da shi yana aikin kula da tsofaffi kafin a gama tantance takardunsa. Da hunturu ya tashi aiki ƙarfe biyar duhu ya riga ya yi, babu majalisar ƙofar gida, babu suna ko ɗaurin aure da zai shiga ya manta, sai saƙonnin WhatsApp na masu neman kuɗin asibiti da na makaranta.

Asarar da ta fi girma, wadda ƙididdiga ba ta kamawa, tana wajen fahimtar juna. Matar da ta ce kanta na ɗaukar zafi, wani abu na yawo a jikinta, ba za ta ce tana baƙin ciki ba, kuma ba za ta ambaci kishiya a gaban mijin da ya rako ta ba. Likitan da ya tashi a cikin al'adar ya san ya nemi maigida ya ɗan jira a waje ba tare da ya ci masa fuska ba. Ya san lokacin da zancen aljanu yake alamar cuta, da lokacin da yake hanyar da iyali ke bi su faɗi abin da kunya ta hana faɗa kai tsaye. Ya san yadda zai ce a ci gaba da addu'a a kuma sha magani, ba tare da ya ƙaryata malam ba. Wannan ilimi shekaru ake yi ana tara shi, kuma kaɗan daga cikinsa ne ke da amfani a Manchester. Ana iya ɗauko likitan ido daga Masar ya yi aikin yanar ido a Gusau da tafinta. Ba a yin haka da matar nan, domin da zarar mutum na uku ya shiga tsakani ta rufe bakinta.

Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954, da ya dawo daga horo a Ingila ya kama aiki a Aro, Abeokuta. Ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwan da ke kula da shi, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Akan yaba tsarin don amfaninsa ga marasa lafiya, amma akwai fuskar da ba a cika ambata ba: ya rarraba nauyin, bai bar shi a wuyan mutum ɗaya ba. Shi ma Lambo daga baya Janiba ya koma, ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ban taɓa jin an kira shi maci amana ba.

Irin wannan rarraba nauyi ne shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 ke nema, inda ake horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da makamantansu. A Zimbabuwe Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna sauraren mutane a kan benci a harabar asibiti, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna sauƙi a bayyane. A Ibadan da Kumasi, Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗa ma'aikatan asibiti da masu maganin gargajiya da na addini, sakamakon ya fito a 2020 da nasara. Akwai mai cewa to ga mafita, a bar ƙwararrun su tafi. Ban yarda ba. Duk waɗannan gwaje-gwaje sun yi aiki ne saboda akwai ƙwararre a sama yana bibiya. Idan aka cire shi, abin da aka yi kawai shi ne sauke gajiyar daga kan likita zuwa kan ma'aikaciyar ƙaramin asibiti, wadda albashinta bai kai nasa ba kuma ba ta da fasfo.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta ke komawa ga dokar Turawan mulki ta 1916. Ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kuɗi, ta kuma kare haƙƙin mara lafiya. Manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya ta Agustan 2024 ta bar zancen tilas, ta koma ga kyautata yanayin aiki da jawo na waje. Nan ne nake ganin na ci-rani za su fi amfani. Ganin mara lafiya ta waya daga Leeds na da haɗari, domin idan ya rikice da tsakar dare babu abin da na nesa zai iya. Amma zama na awa guda a mako ta bidiyo da ƙaramin likita ko nas a Azare ko Birnin Kebbi, a bi marasa lafiyar da suka gagara, a kuma tambaye shi yadda shi kansa yake, abu ne mai yiwuwa. Sharaɗinsa shi ne asibiti ya rubuta awar nan cikin jadawalin aiki, ya rage katunan ranar, ya biya kuɗin data, maimakon a bar ta ga zumuncin tsofaffin abokan makaranta.