Ambaliyar Maiduguri: ranar da mai masauki ya zama ɗan gudun hijira

A daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda a shekarun 1980, ta ɓalle bayan damina mai nauyi. Kafin gari ya waye ruwa ya cika Gwange da Fori da wasu unguwannin Maiduguri, ya shiga babbar kasuwa, da asibitin koyarwa na jami'a, da fadar Shehun Borno. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni 281 suka tsere. Mutane kimanin dubu 400 suka bar gidajensu. Dattawan garin sun san irin wannan dare, domin ruwan Alau ya taɓa cin Maiduguri a 1994.

Amma ruwan 2024 ya tarar da wani gari dabam, kuma sai mun koma baya shekara goma kafin mu gane wanda ya ci.

A watan Agusta 2014 Boko Haram ta kama Gwoza, a Satumba ta kama Bama. Jama'a suka kwararo Maiduguri, Musulmi da Kirista, cikinsu har da 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa masu yawa. Wasu suka tsallaka Kamaru, suka zauna a sansanin Minawao. An kiyasta cewa yawan mutanen Maiduguri ya ninka a 'yan shekarun nan. Abin da muke yawan mantawa shi ne, mafi yawan waɗanda suka gudo ba sansani suka shiga ba. Gidajen mutane suka shiga. Ma'aikaci mai ɗaki biyu ya karɓi iyalin ƙaninsa da na maƙwabcin ƙanin. Gwauruwa ta raba tukunyarta da mutum goma. Majami'u da masallatai suka buɗe harabarsu. Ba wanda ya rubuta sunan waɗannan masu masauki a takardar rabo, don ba su gudu daga ko'ina ba. A idon masu agaji suna gida, alhali buhun masarar da zai yi musu wata yana ƙarewa cikin mako.

Wannan, a ganinmu, shi ne babban kuskuren agaji a shekarun farko. Sansani yana da ƙofa da rajista, ana iya ƙirga mutanensa, ana iya ɗaukar hotonsa. Gidan mai masauki kuwa yana can cikin lungu. Daga baya ƙungiyoyin agaji sun fara sa masu masauki cikin lissafi, suna haƙa rijiyar burtsatse da gyara makarantu a unguwanni don kowa ya amfana. Sun yi haka ne bayan sun ga yadda rabon da ya tsallake maƙwabci yake haifar da ƙyashi tsakanin mutanen da yunwa ɗaya take damunsu.

A ƙarshen 2021 gwamnatin jihar Borno ta rufe sansanin Bakassi, cikin shirinta na rufe sansanonin birnin da mayar da mutane garuruwansu. Wasu sun koma. Wasu kuwa suka ga hanya ba ta yi kyau ba tukuna, suka nemi haya mai araha a cikin gari, ko suka sake raɓewa wurin dangi. Wuri mai araha kuma sau da yawa shi ne na kwari, kusa da kogi.

To, da ruwa ya zo, bai tambayi kowa katin rabo ba. Dole aka sake buɗe Bakassi ɗin da aka rufe. Wanda ya taɓa kwana a can a matsayin ɗan gudun hijira ya dawo, wannan karon tare da mutumin da ya ba shi ɗaki. Sojoji da 'yan sa-kai suka riƙa kwashe mutane da jiragen ruwa da manyan motoci, mazauna unguwannin tudu suka dafa abinci suna kaiwa. Abin lura, a layin karɓar abinci tsohon ɗan sansani ya fi mai gida sanin yadda ake yi.

Zaman sansanin na ambaliya bai daɗe ba. Da ruwa ya janye, mutane suka koma ga bangon da ya jiƙe, da hatsin da ya ruɓe, da jarin da ya tafi a kasuwa, da fargabar kwalara.  Madatsar kuma ita ce take ba birnin ruwan sha, ita ce take riƙe da manoman rani na kewaye, don haka ɓallewarta ta bar ƙishi bayan ambaliya. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta.