Siginar jirgin ƙasa

Siginar jirgin ƙasa alama ce da ake kafawa a gefen layin dogo domin sanar da direba ya tsaya, ya rage gudu ko ya wuce. Tsohuwar sigina, irin wadda Turawan Ingila suka kawo Najeriya, hannu ce bisa dogon ƙarfe. Idan hannun yana kwance a miƙe, jirgi ya tsaya. Idan ya karkata, hanya a buɗe take. Ta zamani fitila ce: ja tsayawa, kore wucewa, rawaya kuma gargaɗi ne cewa siginar gaba na iya zama ja.

Layin Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, layi ɗaya ne tilo. A irin wannan layi, jirage biyu ba sa gittawa sai a tasha, don haka ana buƙatar sigina ta sanar da direba ya jira ko ya wuce.