Kufan Bodie da Mono Mills a Gundumar Mono

Gundumar Mono tana gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka, a kan iyakar Nebada. Kufan garuruwa suna da yawa a cikinta, amma biyu ne tarihinsu ke ɗaure da juna: Bodie ta masu haƙar zinariya, da Mono Mills ta masu saran katako.

A 1859 aka tsinci zinariya a tsaunukan Bodie. Mutumin da garin ya ci sunansa, W. S. Bodey, bai ci moriyarta ba, dusar ƙanƙara ta kashe shi a shekarar. Garin bai bunƙasa ba sai bayan 1876, da aka faɗa kan dutse mai zinariya da yawa a ramin da ya koma hannun kamfanin Standard. Ana yawan cewa mazaunansa sun kai 10,000 wajen 1880. Wannan adadi na masu son zuzuta labari ne. Ƙiyasin 5,000 zuwa 7,000 ya fi kama hankali.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne itace. Bodie tana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 2,500, wurin sanyi mai tsanani, kuma babu bishiyar kirki ko ɗaya. Ga ramuka na son katakon tokara, injinan niƙa dutse masu aiki da tururi na cin itace dare da rana, gidaje kuma sai da wuta. Don haka a 1881 aka shimfiɗa siririn layin dogo mai tsawon kusan kilomita 51, ya sauko daga Bodie, ya zagaya gabashin Tafkin Mono, ya tsaya a dajin da ke kudancin tafkin. Nan aka kafa injin tsaga katako, garin Mono Mills ya tsiro a gefensa. Layin bai taɓa haɗuwa da wani layin dogo ba. Itace kawai aka gina shi ya kai. Da kamfanin Standard ya jawo wutar lantarki daga Green Creek a 1893, buƙatar itacen ta ragu. Kafin ƙarshen 1918 an daina aikin layin, an kwashe ƙarafunsa. Yau a Mono Mills sai allon tarihi a bakin titi da ɗan ɓurɓushin gini.

Bodie ta ci gaba da jan ƙafa. Gobarar 1932 ta cinye mafi yawan garin, dokar lokacin yaƙi ta rufe haƙar zinariya a 1942. Tun 1962 jihar ke kula da sauran gidajen, tana tokare su kada su faɗi, ba tare da ta sabunta su ba.